Hanyar Dajin Epping Ta Ishi Mai Ƙafa, Mai Doki da Mai Keke

Wata Asabar a ƙarshen watan Oktoba, ni da ƙaramar 'yata muna tafiya a dajin Epping da ke Ingila, ta gefen garin Loughton, a kan wata faffaɗar hanya da aka zuba wa tsakuwa. Kamar taku talatin a gabanmu akwai wata dattijuwa a kan baƙin doki, irin wanda a gida muke kira akawali, tana tafe a hankali, linzami a sake. Ba mu ji ƙarar komai ba sai da wani mai keke ya gangaro daga bayanmu kamar an harbo kibiya, ya wuce mu, ya kutsa ta hagun dokin, tsakaninsa da bishiyoyi, inda sararin bai kai tsawon hannu biyu ba. Dokin ya zabura, ya yi tsalle gefe, ƙafar matar ɗaya ta fita daga likkafa, ta rungume wuyansa tana riƙe da geza. 'Yata ta damƙe hannuna ta ce, "Baba, zai kayar da ita?"

Allah ya tsare, bai kayar da ita ba. Mai keken kuwa ko waiwayowa bai yi ba. Wani mutum da ke janye da karensa ya ƙaraso yana faɗa, yana cewa lokaci ya yi da za a hana kekuna shiga dajin baki ɗaya. Ita dattijuwar, bayan ta lallashi dokinta ta mayar da ƙafarta cikin likkafa, abin da ta ce kawai shi ne da yaron ya yi magana tun daga nesa, da babu abin da zai faru.

Na daɗe ina juya maganganun nan biyu a raina, domin ta mai karen ce nake yawan ji a bakin mutane, amma ta dattijuwar ce gaskiya. Ra'ayina shi ne hanyoyin dajin nan su ci gaba da zama na haɗin gwiwa, mai tafiya a ƙasa da mai doki da mai keke duk su bi su. Kada a kori kowa, kada kuma a yanka dajin gida uku. Sharaɗin da za a riƙe da ƙarfi shi ne wanda ya fi sauri shi ne zai fi ɗaukar nauyin kiyayewa, kuma idan ƙasa ta jiƙe a taƙaita wa kowa gwargwadon ɓarnar da yake yi mata.

Yadda dajin ya zama na kowa

Dajin Epping yana tsakanin arewa maso gabashin Landan da gundumar Essex. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 2,400, amma siriri ne: tsawonsa daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 19, faɗinsa kuwa bai wuce kilomita 4 ba a inda ya fi faɗi. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum har bakinsa, shi ya sa talaka marar mota ma yake iya zuwa.

Ba kyauta aka samu wannan daji ba. A tsakiyar ƙarni na 19 masu ƙasa na yankin suka yi ta killace shi yanki-yanki suna sayarwa ko suna mayar da shi gonaki. Wani lebura na garin Loughton mai suna Thomas Willingale ya ƙi yarda, ya ci gaba da sarar rassan itace don girki da jin ɗumi kamar yadda kakanninsa suka saba, har maganar ta kai kotu. Daga baya hukumar tsohon birnin Landan, wadda ta mallaki filin maƙabarta a gefen dajin kuma ta hakan ta samu haƙƙin kiwo a cikinsa, ta shigar da babbar ƙara, kuma a 1874 kotu ta yanke cewa killacewar ta saɓa wa doka. A 1878 majalisa ta yi dokar da ta damƙa wa hukumar amanar dajin, bisa sharaɗin a bar shi a buɗe, babu shinge babu gini, domin shaƙatawar jama'a. A watan Mayun 1882 Sarauniya Victoria ta zo da kanta ta sanar da sadaukar da shi ga al'umma har abada.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda gonaki suke cinye burtali kaɗan-kaɗan har shanu su rasa inda za su bi, zai gane irin faɗan da aka yi a nan. An ƙwato dajin ne daga hannun masu cewa "nan namu ne, ku ba naku ba". Saboda haka duk lokacin da na ji wani yana neman a kori wani rukuni na jama'a daga cikinsa, sai in ji maganar ta yi mini kama da ta waɗancan masu shingen, ko da kuwa niyyar mai maganar tana da kyau.

"A hana kekuna kawai"

Wannan ita ce hujjar da ta fi jan hankali, kuma ba zan raina ta ba, domin na ga abin da ya haifar da ita da idona. Keke a gangara yana iya ninka saurin mai tafiya a ƙasa sau biyar ko fiye, kuma ba ya ƙara. Tsoho mai sanda ko uwa mai tura keken jariri ba su da damar kaucewa cikin daƙiƙa biyu. Tsoron da suke ji na gaske ne, kuma akwai waɗanda suka daina zuwa wasu hanyoyin a ranakun hutu saboda shi. Wannan ma kora ce, ko da ba a rubuta ta a allo ba.

Amma a duba su waye masu keken nan. A rana ɗaya za ka ga uba da 'ya'yansa biyu suna koyon tuƙi a wurin da babu mota, ka ga dattijon da gwiwa ta hana shi doguwar tafiya amma yana iya taka feda, ka ga ma'aikaciyar da ta gwammace ta ratsa daji zuwa wurin aiki a kan ta yi gogayya da manyan motoci a titi. Mafi yawansu suna rage gudu, suna gaisuwa, suna wucewa lafiya, shi ya sa ba a tuna su. Wake ɗaya ne yake ɓata gari, kuma wanda ya firgita doki shi ake ba da labarinsa. Idan aka kafa dokar hani, masu bin doka ne za su zauna a gida. Yaron da bai waiwayo ba bayan ya kusa kayar da tsohuwa, allo ba zai tsayar da shi ba.

Tambayar ma ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Tun a 1968 dokar karkara ta Ingila da Wales ta ba masu keke izinin bin hanyoyin dawakai, tare da sharaɗi guda a fili: su ba masu tafiya a ƙasa da mahaya hanya. A Amurka ma akwai wata alama mai kusurwa uku da ake kafawa a bakin irin waɗannan hanyoyi, wadda take nuna mai keke ya kauce wa mai ƙafa da mai doki, mai ƙafa kuma ya kauce wa mai doki. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus sun bi wata hanyar, suka hana keke bin duk turbar daji da faɗinta bai kai mita 2 ba, kuma shekara da shekaru masu keke suna ƙorafi a kai. Ni ban ga hikimar auna hanya da ma'auni ba, domin abin da na gani a Loughton a kan faffaɗar hanya ya faru. Abin da ya yi ƙaranci a ranar ba faɗin hanya ba ne.

Abin da mai keke bai sani ba game da doki

A nan nake so in ɗan daɗe, domin na lura yawancin masu keke ba mugunta ce take sa su yin abin da suke yi ba. Ba su san doki ba ne. Wasu ma suna ganin idan suka wuce shiru, cikin sauri, sun yi wa mahayin alheri, tun da ba su dame shi ba.

Na taso a gidan da ake ɗaure doki, kuma abu na farko da kawuna ya koya mana shi ne ba a zuwa wa doki ta baya babu magana. Ko mai ba shi ciyawa kullum sai ya yi gyaran murya ko ya kira shi kafin ya matso. Dalili kuwa a halittarsa yake. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke bayansa daidai saitin wutsiya. Kuma shi dabba ce da asalinta ake farauta, don haka duk abin da ya taho masa da sauri, shiru, ta inda ba ya gani, ba ya tsayawa tantancewa. Gudu yake fara yi ko shuri. Dabba ce mai nauyin da ya kai rabin tan, kuma idan ta zabura, wanda ke kanta da wanda ke gefenta da shi kansa mai keken duk suna cikin haɗari.

Muryar mutum ita ce take warware wannan. Da zarar doki ya ji magana, za ka ga kunnensa ɗaya ya juya baya, ya gane ɗan Adam ne ke tafe. Mahayin ma ya samu lokacin tattara linzami ya matsa gefe. Ƙararrawa tana da amfani ga masu tafiya a ƙasa, amma idan aka kaɗa ta dab da doki tana iya ƙara firgita shi, don haka magana daga nesa ta fi. A garuruwanmu mai keke ko mai kura yakan ce "gafara dai" tun kafin ya iso, kuma babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin wahala. Abin da ake nema a Epping bai wuce wannan ba.

Dokokin hanya na Birtaniya da aka sabunta a watan Janairun 2022 sun faɗi hakan ƙarara. Sun ce wanda zai iya yin ɓarna mafi girma shi ne ya fi alhakin kiyayewa. Sun umarci mai keke ya rage gudu idan ya tarar da masu tafiya a ƙasa ko mahaya, ya sanar da su zuwansa, kuma kada ya wuce doki ta hagunsa. Mai mota ma an ce idan zai wuce doki kada ya kai gudun mil 10 a awa, kuma ya bar sararin aƙalla mita 2. Abubuwa uku da aka faɗa wa mai keke, duka ukun yaron nan ya karya su cikin ƙiftawar ido.

"To a raba wa kowa tasa hanyar"

Wannan shawara tana da daɗin ji, kuma a dazuzzukan da aka dasa don katako, masu faɗi da yawa, ana ware wa masu wasan keke gangararsu ta musamman, kuma hakan yana aiki. Epping ba irin wannan daji ba ne. Yana ɗauke da tsofaffin bishiyoyi fiye da 50,000, waɗansunsu sun shekara ɗaruruwa, kuma saiwoyinsu suna kwance ne dab da saman ƙasa. Duk sabuwar hanyar da aka fitar sai ta bi ta kan saiwar wata bishiya, sai ƙasar ta danne, ruwa da iska su daina ratsa ta, bishiyar ta fara mutuwa a hankali ba tare da kowa ya lura ba. A siririn daji irin wannan, hanya uku a wurin hanya ɗaya na nufin ɓarna ninki uku.

Sannan ko an raba, dole hanyoyin su gitta juna. Mai keken da aka gaya wa cewa wannan layin nasa ne shi kaɗai zai saki birki ya manta da kowa, kuma a mahaɗa ne zai gamu da yaron da ya ɓace wa iyayensa. Sanin cewa a bayan kowace kwana ana iya samun doki ko tsohuwa, shi kansa birki ne.

Idan ɓera da sata

Ba zan yi adalci ba idan na bar laifin duka a kan masu keke. Akwai masu cewa dawakai ne ya kamata a fitar, domin su ne suke dagula hanya, suna barin kashi, kuma wai harka ce ta masu kuɗi.

Maganar dagula hanya gaskiya ce. Ƙasar yawancin dajin yumɓu ce, idan ruwan hunturu ya sauka sai ta zama taɓo mai kama takalmi. Kofaton doki yana nutsewa a ciki ya bar rami, ruwa ya taru, hanya ta koma caɓi har tsakiyar bazara. Wani bincike da aka wallafa a 1994 kan hanyoyin daji a jihar Montana ta Amurka ya gano cewa doki ya fi mai ƙafa da mai keke tayar da ƙasar da ruwa zai kwashe. Amma maganin wannan yana nan ana yinsa: sai da lasisi ake hawan doki a dajin, kuma idan damina ta kankama a lokacin sanyi ana taƙaita mahaya ga hanyoyin da aka tanada, sai ƙasa ta bushe a sake buɗe musu sauran wuraren. Wannan tsari ne mai ma'ana, domin ƙasa yake dubawa, ba fuskar mutum ba. Abin da nake so shi ne a miƙa irinsa ga kekuna a ƙananan turbobi masu gangara, inda taya mai birki take yanka ƙasa kamar garma. Wuraren tarihi irin su Loughton Camp da Ambresbury Banks, ganuwoyin ƙasa da suka haura shekara 2,000, dama ba a yarda keke ko doki ya hau su ba, kuma haka ya dace.

Batun masu kuɗi kuwa, ba duk wanda ka gani a kan sirdi ne ya mallaki dokin ba. Da yawa ɗalibai ne na makarantun koyon hawa da ke gefen dajin, wasu yara ne, wasu kuma masu naƙasa ne da hawan doki yake ba su damar shiga inda ƙafa ba za ta kai su ba. Kuma a Ingila hanyoyin jama'a da doka ta yarda doki ya bi ba su kai kashi 1 cikin 4 ba. Idan aka kore su daga daji, titin mota za su koma, inda haɗarin ya fi muni nesa ba kusa ba. Duk da haka, mahayi ma yana da nasa haƙƙin da zai sauke: kada ya yi sukuwa inda mutane suke, kada su jeru biyu su toshe hanya suna hira, kuma wanda ya san dokinsa mai tutsu ne kada ya fito da shi ranar Lahadi da rana tsaka.

Mu masu tafiya a ƙasa ma ba mu fita ba. Mu ne muke toshe kunne da iyafis har mai keke ya yi ta sallama ba mu ji ba, sannan mu fusata idan ya wuce. Mu ne muke sakin kare ya bi doki da haushi, ko mu bar doguwar igiyarsa ta gitta hanya daga wannan gefe zuwa wancan. Mu ne kuma idan muka tarar da laka sai mu kewaye ta gefe, na bayanmu ya ƙara kewayewa, har turbar da mutum biyu suke bi ta zama fili. Wanda ya ga dajin a lokacin kullen korona, sa'ad da jama'a suka yi masa ca, ya ga yadda ƙafa kaɗai take faɗaɗa hanya.

"Ladabi ba doka ba ne"

Wani abokina, dattijo ne da ya girme ni sosai, ya ce mini, "Malam, duk abin da kake faɗa ya dogara ne a kan mutane su zama na kirki, kuma ba a gina tsari a kan fata." Na ce masa, "Gaskiya ne, Alhaji, amma hani ma a kan hakan ya dogara, tun da babu ma'aikatan da za su tsare daji mai tsawon kilomita 19 kwana da yini."

Duk da haka maganarsa tana da ƙarfi a wuri ɗaya, wato batun kekunan lantarki. Doka a Birtaniya ta ɗauki keken lantarki a matsayin keke ne muddin injinsa bai wuce wat 250 ba kuma yana daina taimakawa idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Irin wannan ba ni da ja a kansa, domin shi ne ya dawo da tsofaffi da dama kan keke. Amma akwai waɗanda aka cire musu takunkumin gudu, da waɗanda ba su da feda ma sam, babura ne kawai marasa ƙara. Waɗannan ba su da gurbi a hanyar da yara suke tafiya, kuma a kansu ne ya kamata masu gadin daji da 'yan sanda su tattara ƙarfinsu, a kama, a ci tara, a ƙwace idan ta kama. Haka ma masu haƙa ramuka da tara ƙasa a gindin tsofaffin bishiyoyi don su samu wurin tsalle. Idan aka ware waɗannan aka hukunta su, sauran masu keke za su daina ɗaukar zunubin da ba nasu ba.

Sauran aikin kuma ƙanana ne, kuma ba sa buƙatar sabuwar doka. Shagunan da suke ba da hayar keke su riƙa gaya wa kowane mai haya yadda ake wuce doki kafin su miƙa masa kwalkwali. Ƙungiyoyin masu keke da na mahaya, waɗanda dama sun taɓa haɗa kai suka yi gangamin koya wa juna gaisuwa a hanya, su riƙa fita tare lokaci-lokaci, domin wanda ya taɓa zama a kan sirdi ya ji yadda doki yake karkarwa a ƙarƙashinsa ba zai sake wucewa shiru ba. Alluna kuma a kafa su inda ake buƙatarsu, a saman gangara da gabanin kwana, maimakon a tara su a wurin ajiye motoci inda kowa yake wucewa bai karanta ba.

Na koma wurin da abin ya faru bayan makonni kaɗan, na tsaya a saman gangarar inda mai keken ya fito, domin in ga abin da ya gani. Akwai wani kurmin ƙaya mai kore shar da ya miƙo rassansa a cikin kwanar, ta yadda mai saukowa ba zai hango abin da ke ƙasa ba sai ya rage masa 'yan mitoci. Wannan bai wanke shi ba, domin wanda ba ya ganin gabansa shi ya fi cancanta ya taka birki. Amma da za a sassabe rassan nan a kafa allo ɗaya a sama da su, mai hoton doki da umarnin a rage gudu a yi magana, aikin ba zai ɗauki ma'aikata biyu fiye da rabin yini ba. Na rubuta wa masu kula da dajin wannan shawarar, tare da bayanin daidai inda kwanar take.